Keziah Mai Wankau da Hoton Kwalba

Duk wanda ya zauna a unguwar Holbeck ta birnin Leeds a wancan zamani ya san Keziah Ollerton, ko bai san sunanta ba ya san muryarta. Doguwar mace ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta kullum jawur, a kumbure, yatsun duk sun tsattsage saboda ruwan zafi da sabulu. Wankau ce sana'arta. Ran Litinin ta bi manyan gidajen Headingley ta kwaso kayan datti a kwando, Talata da Laraba ta wanke, Alhamis ta sa sitaci ta goge, Juma'a ta mayar. In hayaƙin masaƙu ya sauko ya ɓata mata shanya, ta sake wankewa tana zagin masu masaƙun ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ba ta da sanyin baki, wannan kowa ya sani. Amma ba a taɓa cewa ta ɓatar wa wani ko hankici ba.

Ubanta mashayi ne. Ranar da aka biya shi ba ya waiwayar gida sai aljihu ya bushe, in ya dawo kuma uwarta ce mai shan duka. Keziah tana da shekara goma sha ɗaya, tana aiki a masaƙa, aka zo aka kira ta ta je ta duba ko ubanta ne aka tsamo daga kogi. Shi ne. Da ta kai sha huɗu ta tafi cocinsu da ƙafarta, ta sa hannu a takardar ƙungiyar masu yaƙi da giya, ta yi alkawarin ba za ta taɓa kai ta bakinta ba. Ta riƙe alkawarin nan da ƙarfi har ya zama abin tsokana a layinsu. Ko lokacin haihuwa, da ungozoma ta miƙo mata ɗan kurɓi wai don ta ji sauƙi, ture kofin ta yi ya faɗi ƙasa. Mijinta Enoch mai keken doki ne, yana dakon kwal. Mutum ne shiru-shiru, wanda in ya yi magana uku a yini an ce yau ya yi surutu. Sun haifi biyar, uku sun koma. Saura Tabitha mai shekara tara da jariri Silas.

A bazarar shekarar 1863 wani baƙo ya kama hayar ɗaya daga gidajen da take wa wanki. Sunansa Mista Aubrey Tennick, mai zanen hoto ne daga Landan, saurayi mai laushin murya, rigunansa duk ɗigon fenti, abin da ya fara haɗa shi da Keziah ke nan. Wata Juma'a ta kawo kaya, ga goyo a hannu, ga kwando, ta hau tudun Headingley a ƙafa. Kuku ta ce ta jira a kicin. Ta zauna a benci ta jingina kai da bango, barci ya ɗauke ta. Da ta buɗe ido sai ta ga mutum tsaye yana kallonta kamar ya ga abin mamaki.

Ta miƙe zumbur. "Yallaɓai, a yi haƙuri. Riguna shida ne, guda ɗaya fentin ya ƙi fita, ba laifina ba ne."

"Bar zancen riguna," in ji shi. "Koma ki zauna yadda kike. Kan nan naki a bango, hannun a sake. Yawwa. Baiwar Allah, kin san fuskarki abin zanawa ce?"

"Fuskata? Yallaɓai, ko mijina bai taɓa faɗa mini haka ba."

Ya yi dariya. Ya ce yana wani babban hoto ne na fentin mai, kan rayuwar matan talakawa, yana so manyan Landan su ga yadda mata irinta suke fama. Zai ba ta sule guda duk zama, ita da jaririn. Ta tambaye shi ko akwai cire tufa a ciki, ya rantse babu. Ta tambayi Enoch, ya ɗaga kafaɗa ya ce in dai zama ne kawai, ai ita ma ta huta.

Asabar takwas ta yi tana zuwa. Yakan zaunar da ita a wata gajeriyar kujera, ya sa ta kwance ɗankwali gashi ya zubo, ya ba ta wata tsohuwar riga mai yagaggen hannu ta ɗora a kan tata. Ta ce masa ita ba ta yawo da tsumma, ya ce ai don haske ne, launin rigar ya fi dacewa. Silas kuwa a shimfiɗa shi a bargo kusa da ƙafarta. Ɗakin da ɗumi, ga shiru, ga gajiyar mako, don haka kusan kullum barci take yi, baki a ɗan buɗe, hannun dama na lilo. Shi kuwa murna yake, yana cewa kada ta damu, haka ya fi so. Sau ɗaya ta leƙa bayan allon. Ta ga kanta a zaune tana barci, ga yaronta kwance, sauran wurin duk fili ne ba a zana komai ba. Har ta ɗan ji daɗi, don ya fitar da kunnen Silas daidai, mai ɗan lanƙwasa irin na ubansa.

Da kaka Mista Tennick ya naɗe kayansa ya koma Landan. Da sanyi ya shigo, ƙyanda ta ratsa layinsu ta kwashe yara bakwai, har da Silas. Kwana tara Keziah ta yi tana jinyarsa ba ta taɓa baho ba. Suka binne shi, ta koma wankinta, ta manta da wani mai zane.

Sai bayan shekara guda da 'yan watanni, wata Lahadi, ta shiga ɗakin da ake koya wa yara karatun Littafi a cocinsu don ta ɗauko Tabitha. Ta tarar da mata sun yi cincirindo a jikin bango. Da suka gan ta suka dare. Maƙwabciyarta Dorcas Pilling, wadda suke shanya a igiya ɗaya shekara goma, ta kama hannunta.

"Keziah, zo mu tafi gida."

"Me ake kallo?"

"Ba komai, wani hoto ne Fasto ya rataya. Zo mu je."

Ta fizge hannunta ta matsa. Hoto ne baƙi da fari, wanda aka buga a takarda aka sa a gilashi. Ga ta nan zaune, kai a bango, baki a buɗe, gashi a barbaje, ba mai cewa ba ita ba ce. Amma a ƙarƙashin hannun nan nata mai lilo an zana kwalbar giya a kwance, sauran na tsiyaya a ƙasa. Murhu ya mutu. Kwanon abinci a kife, ɓera na lasa. Littafi Mai Tsarki an tokare ƙafar tebur da shi. Jaririn kuwa an janye masa bargon, yana kwance a dandaɓar ƙasa, hannunsa a miƙe wajen uwar da ba ta san yana yi ba. A bakin ƙofa ga bayan wani namiji yana fita da ƙunshin kayansa. A ƙasa an rubuta: Abin da Kwalba Ta Bari.

Keziah ba ta iya karatu da sauri ba, sai da ta bi haruffan da yatsa. Da ƙyar ta kai ƙarshe. Ta juya ta ga Tabitha a tsaye cikin yara, fuskarta sharkaf da hawaye, ashe tun safe a gaban hoton nan aka zaunar da su aka yi musu darasi.

Ba ta jira an gama sallamar jama'a ba, ta tare Fasto Hezekiah Broadley a bakin ƙofa.

"Fasto, wa ya rataya wancan abu?"

"Sannu, 'yar'uwa Ollerton. Ƙungiyarmu ce ta aiko da shi, kowane coci an ba shi guda. Na lura akwai 'yar kama, amma..."

"Kama? Ni ce! Ɗana ne wancan a ƙasa, wanda kai da bakinka ka yi wa addu'a a kabari. A sauke shi."

Ya ja ta ofishinsa ya rufe ƙofa. Mutum ne mai son a zauna lafiya, kuma yana ganin in ya yi mata bayani za ta gane. Ya jawo aljihun tebur ya fito da guntayen jaridun Landan da ƙungiyar ta haɗo da hoton. Ya ce ta saurara ta ji irin alherin da aikin nan yake yi. An rataya ainihin hoton a babban baje kolin Landan, mutane sun yi ta layi har sai da aka kafa shingen ƙarfe a gabansa. Ya sa tabarau ya karanta mata.

Mai sharhi na farko ya rubuta cewa bai taɓa ganin wa'azin da ya kai wannan ba, ko a kan mumbari. Ya ce mai zanen bai ƙirƙiri fuskar nan ba, tabbas daga lungu ya samo ta, domin shekara ashirin na shaye-shaye a rubuce suke a kumatunta, kuma duk likita zai shaida cewa jan hannun nan da kumburinsa alamar giya ce da ta ci jini. Na biyu ya ce aikin gwaninta ne amma ƙazanta ce, bai kamata a rataya irin wannan halitta a inda matan kirki suke wucewa ba, wadda ko dabba ta fi ta tausayin ɗanta. Na uku bai damu da matar ba sam. Shi ɓeran ne ya burge shi, ya yi layi goma sha biyu yana yabon gashin ɓera da yadda haske ya faɗa a kan kwalba.

Keziah ta miƙa hannuwanta a kan teburin, ta juya su ciki da baya.

"Wannan giya ce, Fasto? Rigunanka nawa suka bi ta hannun nan? Farin ƙyallen teburin cocin nan wa ke wanke shi kyauta tun kafin a turo ka garin nan?"

"Na sani, 'yar'uwa. Allah ma ya sani. Amma ki duba, an ce a Bradford mutum arba'in suka sa hannu a takardar alkawari bayan sun ga hoton nan. In Ubangiji ya ga dama ya yi aiki da fuskarki don ceton rayuka, ashe ba abin godiya ba ne? Ki ɗauke shi a matsayin gicciyenki."

"To a zana matarka mana da kwalbar, ta ɗauki gicciyen. Ai ta fi ni lokaci."

Fuskar Fasto ta yi ja. Ya ce zai kai maganar gaban dattawa. Dattawa suka zauna, suka ce hoton kyauta ce daga ƙungiya, sauke shi zai zama cin fuska, amma an yarda a matsar da shi bayan ƙofa.

Kafin wata guda hoton ya cika gari. Yana tagar mai sayar da littattafai, yana ɗakin jira na tashar jirgi, har mai gidan giyan kan kwana ya saya ya rataya a saman kantarsa don shaƙiyanci. In Keziah ta wuce da kwando sai mashayan su leƙo.

"Uwar kwalba, a zubo miki ɗaya?"

"Zuba wa uwarka, ɗan asara!" Haka take mayar musu, su kuwa su fashe da dariya, don abin da suke nema ke nan.

Na waje bai dame ta kamar na gida ba. Matan da suka san ta tun tana budurwa suka fara cewa ai ruwa ba a san abin da ke ƙarƙashinsa ba sai an shiga, wa ya san abin da take yi in ta rufe ƙofa, ga shi dai uban ma haka ya ƙare. Wata ta ce dama ta yi mamakin yadda yaron nan ya tafi da wuri. Dorcas ce ta kawo mata wannan maganar, tana faɗa tana kuka. Keziah ba ta yi kuka ba. Ta ajiye dutsen guga, ta taka har ƙofar matar, ta kira ta da sunanta ta fito, ta tambaye ta a gaban duk layin ko 'ya'yanta biyu da ƙyandar nan ta kashe su ma giya ce. Daga ranar ba su sake gaisawa ba har mutuwa.

A Headingley kuwa ba a yi mata hayaniya ba. Gida na farko kuku ce ta fito ta ce uwargida ta sami wata. Gida na biyu aka ce sun rage wanki. A na uku uwargidan da kanta ta sauko, Misis Garforth, mace mai kirki a ganin kanta, ta riƙe hannun Keziah ta ce ba za ta kore ta ba, amma tana so ta sani ƙofar tuba a buɗe take. Ta miƙa mata 'yar takardar wa'azi. A bangon takardar hoton ne. Keziah ta juye kwandon wankakkun kaya a tsakar kicin ta fita.

Enoch kuwa wata rana ya dawo da leɓe a fashe. Abokan aikinsa ne suka tambaye shi ina ƙunshin kayansa, tunda an ga bayansa yana fita. Ta wanke masa bakin da ruwan gishiri. Ya ce, "Ni ban tafi ko'ina ba." Ta ce ta sani.

Shekara ta zagayo aka yi shelar cewa za a kawo ainihin hoton Leeds, a nuna shi mako biyu a wani babban zaure a tsakiyar gari. Mai zanen zai zo, kuma wani mashahurin mai sharhi na Landan, Mista Ambrose Lethwaite, zai yi jawabi a kansa ranar Asabar da rana. Shi ne mai maganar likita da jan hannu. Keziah ta goge baƙar rigarta ta zuwa coci, ta ɗaure gashinta tamau, ta ciro takardar alkawarinta daga cikin Littafi ta sa a aljihu. Dorcas ta ce za ta raka ta, ko don ta riƙe ta in abin ya ɓaci. Suka biya sisi-sisi a ƙofa.

Ba ta zaci girmansa ya kai haka ba. Ya fi ƙofar gidanta tsawo, an kewaye shi da katako mai ruwan zinariya. Kuma da launi. Gashin Silas mai ja-ja, ɗan kunnen nan, tafin ƙafarsa. Tun da aka rufe akwatinsa ba ta sake ganin fuskarsa ba sai yau, a kwance a ƙasa kusa da ɓera. Ta dafa Dorcas. Sai kuma fushi ya taso mata.

Mista Lethwaite gajere ne mai tumbi da sanda mai kan azurfa. Yana nuna hoton da sandar yana magana, manyan gari da matansu sun zauna a kujeru suna gyaɗa kai. Ya ce a dubi bakin nan, bakin da ya manta addu'a. A dubi goshin, ƙanƙantarsa na nuna irin mutanen da aka haifa da raunin hali. Sannan ya kai sandar kan hannun.

"Wannan hannu kuwa, jama'a, bai taɓa yin aikin kirki ba."

"Ƙarya kake!"

Zauren ya juya gaba ɗaya. Keziah ta ratsa tsakanin kujeru, ta je ta tsaya a gindin hoton, daidai ƙarƙashin fuskarta. Wata mata ta yi 'yar ƙara. Ba wanda ya buƙaci a gaya masa ko wace ce.

"Ga hannun nan, Yallaɓai, na kawo maka shi ka duba da kyau, tunda kai likita ne. Rabin rigunan da ke cikin ɗakin nan ni na taɓa wanke su. Misis Garforth, ga ki can, ki faɗa musu in ƙarya nake. Sunana Keziah Ollerton. Ban taɓa shan giya ba tunda uwata ta haife ni, ga takardata, shekara ashirin da biyu ke nan da sa hannuna. Barcin da kuke gani na gajiya ne. Yaron nan ɗana ne, a cikin bargo yake lokacin da aka zana shi, kuma ya mutu a hannuna, ba a ƙasa ba."

Mista Lethwaite ya ja da baya yana neman wanda zai cece shi. "Baiwar Allah, ba ke ake nufi ba. Wannan misali ne. Aikin fasaha ba ya magana a kan mutum ɗaya."

"Da ka rubuta cewa daga lungu aka samo ni, misali ka gani ko mutum?"

Ta hango Mista Tennick a gefe, ya yi ƙiba, ya tara gemu, yana ƙoƙarin ɓuya a bayan wani ginshiƙi. Ta nuna shi da yatsa.

"Kai kuma fito. Ka ce mini za ka nuna wa manya wahalarmu. Wa ya sa kwalbar nan? Da ita na zo gidanka?"

Ya fito dole, yana murza hannu. "Misis Ollerton, ki yarda da ni, da farko babu ita. Na nuna hoton haka, mace ta gaji tana barci, ba wanda ya tsaya ya kalla. Aka ce ba darasi a ciki. Ban taɓa zaton zai iso nan ba."

"Wato gajiyata ba ta isa kallo ba sai da ka mai da ni 'yar giya. To goge ta. Ga ka ga hoton, ɗauko fentinka ka goge."

"Ba nawa ba ne yanzu, an saya. Ba ni da iko ko in taɓa shi."

"Amma kana da ikon taɓa ni."

Masu tsaron ƙofa biyu suka zo suka kama ta ta damtse. Ba ta yi kokawa ba, amma ba ta yi shiru ba har titi, tana faɗa musu sunan ɗanta da ranar da ya mutu. Dorcas na biye da ita ɗauke da hularta. Misis Garforth ba ta ɗaga kai daga cinyarta ba.

Ranar Litinin jaridar gari ta ba da labarin a layi shida. Ta ce wata mata da ake zaton ita aka zana ta tayar da hankali a wurin jawabi, kuma bisa ga dukkan alamu ba a cikin hayyacinta take ba, abin da ya ƙara tabbatar da gaskiyar hoton. Mutanen da suka je kallo a mako na biyu sun ninka na farko. Keziah ta je ofishin jaridar sau uku da takardarta, ba a bar ta ta wuce kanta ba. Daga baya wasiƙa ta zo daga Mista Tennick, da takardar fam biyar a ciki da kalmomin ban haƙuri. Ta sa Tabitha ta rubuta masa amsa cewa ba kuɗi ta nema ba, ya rubuta a jaridar Landan da sunansa cewa shi ya ƙara kwalbar. Ta mayar masa da kuɗinsa. Bai rubuta ba.

Ta bar cocin da ta yi shekara talatin a cikinsa, ta koma wani ƙarami a Hunslet, tafiyar rabin awa, bayan ta shiga ta duba bangonsa kusurwa-kusurwa. Manyan gidaje ba su dawo ba, sai ta koma wankin mahauta da masu gidajen abinci, aikin da ya fi nauyi ya fi ƙazanta. Tabitha ta yi karatu ta zama malamar makaranta, kuma duk makarantar da aka kai ta, in ta tarar da hoton a bango, da hannunta take sauke shi ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Sau ɗaya har aka kusa korarta.

Keziah ta kai shekara sittin da 'yan kai, Enoch ya riga ya rasu, tana zaune a gidan Tabitha, lokacin da iska ta juya. Wanda ya sayi hoton ya mutu ya bar wa gari, aka rataya shi, sai sababbin masu sharhi suka taso masa. Tabitha ta karanta mata ɗaya, tana zaton za ta ji daɗi. Ya ce hoton wa'azi ne mai arha irin na kakanni, an cika shi da tarkace kamar shagon gwanjo, ɓera da kwalba da Littafi duk don a matse wa mai kallo hawaye. Ya ce matar ma ba ta yi kama da mutum ba, 'yar tsana ce da mai zanen ya ƙago a ɗakinsa, wanda da gani bai taɓa shiga gidan talaka ba. Ya ba da shawara a sauke shi a kai ɗakin ajiya.

Tsohuwar ta buga sandarta a ƙasa.

"'Yar tsana? Da na zama 'yar giya, yanzu kuma ban ma taɓa rayuwa ba? Asabar takwas na yi a kujerar nan! Su waye mutanen nan, Tabitha? Ba wanda zai tako ya tambaye ni?"

"Inna, ai sauke shi za su yi. Ba abin da kike so ke nan ba?"

"Don ƙarya ce nake so a sauke shi, ba don sun gaji da kallo ba."

An sauke shi a wannan shekarar. Ba ta je ta gani ba. Ta ƙara shekara shida a duniya, tana goge kayan jikokinta tana faɗa da mai kawo madara. A bikin babbar jikarta aka ɗauko mai ɗaukar hoto, ya kafa akwatinsa a tsakar gida, ya jera dangi. Ya zo zai kama kafaɗarta ya gyara mata zama, yana cewa, "Kaka, ɗan karkato kai haka." Ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta ce ya ɗauke hannunsa. Ta tashi ta koma kicin ta dafa wa baƙi shayi, aka ɗauki hoton ba ita. Ta rasu a watan Fabrairu na 1897, aka binne ta a Holbeck. Mahautan da ta yi wa wanki su shida suka ɗauki akwatin.